Murya Biyu a Littattafan 'Yan Zuhudun Faransa: Ci Baya Ne Ko Zaɓi?

Rifkatu: Salama gare ku iyayena da yayyena na wannan zaure. Akwai abin da ya ɗaure mini kai a tarihin waƙar coci ta Faransa, na ce bari in kawo shi gaban manya. Tun a 1198 da 1199, takardun da bishop na Paris ya fitar sun ambaci rera waƙa da murya har huɗu a babbar majami'ar Notre-Dame, zamanin su Pérotin, mai tsara waƙoƙin majami'ar, ke nan. Da aka shiga ƙarni na 14 kuma sai ga su Philippe de Vitry da Guillaume de Machaut, waɗanda suka mayar da awon lokaci a waƙa wani lissafi mai zaman kansa. Machaut ya tsara waƙoƙin Mas ɗinsa, wato babbar ibadar Katolika, masu murya huɗu a Reims a farkon shekarun 1360. To amma a wannan zamanin dai, in ka buɗe littattafan hannu na gidajen zuhudu, inda Kiristocin da suka keɓe kansu don ibada ke zaune, abin da za ka tarar, in ma ka tarar, shi ne waƙa mai murya biyu kacal, kowane sauti na sama yana zaune a kan sauti ɗaya na ƙasa, babu alamar tsawo ko gajarta, sai ka ce labarin Paris bai taɓa iso su ba. Rashin iyawa ne, ko kuwa da gangan suka tsaya a nan?

Sani Mai Gurmi: Kafin manya su shigo, a taimaka wa irinmu. Murya biyun nan irin ta mawaƙi da 'yan amshinsa ce? Shi ya ba da baiti su karɓa?

Baba Ishaya: A'a Sani, ba ita ba ce. A amshi bi da bi ake yi, wani ya faɗa wani ya karɓa. Ita wannan lokaci guda ake yin ta, kalma ɗaya, gaɓa ɗaya, amma mutum biyu kowa da sautinsa. Bari in ƙirƙiro maka misali da do-re-mi irin na 'yan kwaya. Na farko yana riƙe da tsohuwar waƙar, ya fara a re, na biyu ma ya fara tare da shi a re. Na farko ya sauka do, na biyu ya hau so. Na farko ya koma re, na biyu ya taka la. Sai na farko ya hau so, na biyu kuma ya faɗo ƙasa da shi ya zauna a do, wato sun yi giciye, wanda ke sama ya koma ƙasa. A ƙarshe su haɗu a re kamar yadda suka faro. Shi ke nan fa. Wuraren hutawarsu uku ne: ko su haɗe a sauti ɗaya, ko tazarar biyar irin do da so, ko tazarar takwas irin do da do na sama. Ita tazarar uku, do da mi, wadda kwayoyinmu na yanzu ba sa iya numfashi sai da ita, su wucewa kawai suke yi ta kanta. Shi kansa do-re-mi ɗin da nake amfani da shi, asalinsa daga wani ɗan zuhudu ne na Italiya, Guido na Arezzo, a farkon ƙarni na 11, sai dai shi da ut yake farawa.

Sani Mai Gurmi: Na gane Baba, Allah ya ƙara girma. Na koma gefe in saurara.

Malam Habu: Rifkatu, amsar tambayarki ba ta da nisa: ci baya ne, kuma ba abin kunya ba ne a faɗa. A ƙarni na 11 da na 12 gidajen zuhudu su ne kan gaba a wannan fanni. Ki duba littattafan gidan zuhudu na Saint-Martial da ke Limoges, ki duba guntayen da suka fito daga Fleury da Saint-Maur-des-Fossés. Amma daga ƙarni na 13 ilimi ya yi ƙaura, ya koma jami'ar Paris, da manyan majami'un birane, da fadojin sarakuna da na Fafaroma. Can ake biyan mawaƙa albashi, can ake da makarantun horar da yara tun muryarsu ba ta fashe ba. Su kuwa gidajen zuhudu me ya same su? Yaƙin Shekara Ɗari tsakanin Faransa da Ingila daga 1337 zuwa 1453, sojojin haya suna yawo suna wasashe ƙauyuka, ga annobar 1348 da ta share kaso mai tsoka na jama'ar Turai. Ga kuma al'adar naɗa wa gida shugaban da ba ya ma kwana a cikinsa, kuɗin gonaki kawai yake karɓa. Gidan da rufinsa ke yoyo, mutanensa sun ragu, wa zai zauna ya koyi sabon rubutun waƙa mai awon lokaci na Vitry? Abin da kakanni suka bari shi suka ci gaba da maimaitawa.

Ɗan Damagaram: Malam Habu, ranka ya daɗe, bayanin nan ya yi santsi da yawa. Bari in kawo littafi guda mu dube shi da kyau. A ɗakin karatu na birnin Limoges akwai littafin waƙoƙin Mas mai lamba 2, wanda ake jingina wa Aliénor ta Bretagne, shugabar gidan Fontevraud daga 1304 zuwa 1342. Fontevraud ba gidan talakawa ba ne. Robert d'Arbrissel ya kafa shi a 1101, maza da mata 'yan zuhudu duk a ƙarƙashin shugabancin mace, kuma nan aka binne Sarki Henry na Biyu na Ingila da matarsa Aliénor ta Aquitaine da ɗansu Richard. Ita kanta shugabar da nake magana 'yar gidan sarauta ce, jikar sarkin Ingila ta wajen uwa. Littafin kuwa an ƙawata shi da zane-zane masu launi, aiki ne na masu hannu da shuni. To a cikin tarin waƙoƙinsa masu murya ɗaya, masu murya biyu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, ciki har da wani Credo, wato shaidar bangaskiya, da waƙar Res est admirabilis, kuma duka na sassauƙan salon nan ne da Baba ya kwatanta. Gidan da zai iya mallakar littafi irin wannan, kuɗin ɗauko malamin waƙa daga Paris ne zai gagare shi?

Malam Habu: Littafi ɗaya ne fa ka kawo, Ɗan Damagaram. Kuma kuɗi daban, gwaninta daban.

Baba Ishaya: Malam, ni ta wajen aikin zan duba, tun da na daɗe ina fama da mawaƙa. Ka san nauyin da ke kan ɗan zuhudu? Dokar Benedict, wadda gidajen zuhudu da yawa ke bi, ta ce a taru sau takwas a kowace rana, bakwai da rana ɗaya da dare, kuma a sauke Zabura 150 duka a cikin mako guda, mako ya zagayo a sake. Wannan ban da Mas. Kuma ba zaɓaɓɓun masu murya ke yi ba, kowa da kowa ne, da tsoho mai tari da yaron da ya shigo jiya. Mutumin nan ba don a zo a saurare shi yake waƙa ba, addu'arsa ce. In ka lura kuma, murya ta biyu ba ko'ina ake sa ta ba. Tana da wurarenta. Akwai Benedicamus Domino, 'yar gajeriyar kalmar sallama da ake rufe taro da ita, jama'a su amsa Deo gratias. Akwai karatun daren Kirsimeti daga littafin Ishaya, sura 9 da 40 da 52, tare da roƙon albarkar da mai karatu ke yi kafin ya fara. Akwai jerin zuriyar Almasihu na farkon Matiyu, wane ya haifi wane, wanda ake rerawa a daren. Akwai waƙoƙin yabon Maryamu irin su Verbum bonum et suave, wadda ta yaɗu ƙasashe da yawa da murya biyu. Duk na ranakun idi ne. Ka yi tunanin mutanen da suka shekara suna jin layi ɗaya tak, sai a tsakar daren Kirsimeti, cikin sanyi, ginin dutse, mutum biyu su fito gaban teburin littafi, sautin ya rabe biyu. Ba sa bukatar murya huɗu kafin a san yau ba kamar kullum ba ce. Kuma kowace kalma ana jin ta ras, tun da bakunan biyu tare suke furta ta. A irin waƙar Pérotin kuwa gaɓa ɗaya sai a ja ta har ka manta kalmar da aka faro.

Anti Laraba: Baba ya taɓo inda nake so. Ai ba shiru suka yi ba, sun faɗi ra'ayinsu a rubuce. Ɗariƙar Cîteaux da aka kafa a 1098 ta tsaya ne kan rage ado a komai, gini da tufafi da abinci da waƙa. A shekarun 1140, ƙarƙashin kulawar Bernard na Clairvaux, sun bi waƙoƙinsu masu murya ɗaya ma suna datse dogayen jan murya, suka ce kada waƙa ta wuce faɗin sauti goma. Wani ɗan ɗariƙar a Ingila, Aelred na Rievaulx, ya yi rubutu yana caccakar masu karya murya a coci, har ya kamanta wasu da haniniyar doki. A 1217 kuma babban taron shugabannin ɗariƙar ya sa a binciki gidajen Dore da Tintern na Birtaniya saboda an ji suna rera waƙa da murya uku ko huɗu irin na mutanen duniya. Su 'yan ɗariƙar Chartreuse ma sun fi haka tsanani. Mutanen da ke hukunta wanda ya yi murya huɗu, ba za ka ce ba su san da murya huɗu ba.

Malam Habu: Anti, hujjar nan ai tawa ce kika ɗauko. Ba a kafa doka kan abin da ba wanda ke sha'awa. In har sai da aka tura masu bincike, to 'yan zuhudun da suka iya suna so su yi, shugabanni ne suka danne su. Wannan ba zaɓi ba ne, takunkumi ne. Kuma kafin wani ya kawo mini takardar Fafaroma John na 22, bari in riga shi: an fitar da ita a Avignon, mazaunin Fafaroma a lokacin, amma littattafan hannu da ke garuruwan Apt da Ivrea, waɗanda ke ɗauke da waƙoƙin da'irar Avignon ɗin na ƙarnin, cike suke da sabon salon da aka ce an hana.

Ɗan Damagaram: To tun da ka ambace ta, a faɗa wa jama'a abin da ke ciki. Sunanta Docta sanctorum patrum, ta 1324 zuwa 1325. Fafaroman ya koka da almajiran wata sabuwar makaranta da suka shagala da awon lokaci, suna yayyanka waƙa gutsi-gutsi tsakanin muryoyi, suna cusa kalmomin harshen gari a kan na ibada, har tsohuwar waƙar ta ɓace a ƙarƙashi. Ya sa hukuncin dakatarwa na kwana takwas. Amma sashen da mutane ke tsallakewa shi ne na ƙarshe, inda ya ce bai hana ba, musamman a ranakun idi, a ɗora tazarar takwas da ta biyar da ta huɗu a kan waƙar coci, muddin ita waƙar ta zauna yadda take ba a taɓa ta ba. Ka sake karanta bayanin Baba Ishaya na sama. Shi ne wannan, ba ragi ba ƙari. Ko an bi takardar a Avignon ko ba a bi ba, ta nuna cewa a idon hukumar coci wannan sassauƙan salo ba ragowar wani abu ba ne da ya mutu, shi ne abin da ake ganin ya dace.

Malam Habu: Abin da hukuma ta ga ya dace. Ban musa ba.

Rifkatu: Yaya Ɗan Damagaram, tun da kai kana karanta Faransanci kuma ka duba hotunan, a shafi yaya abin yake? Ni na saba ganin bugaggen rubutu ne kawai.

Ɗan Damagaram: Ƙanwata, abin da zai fara ba ki mamaki shi ne yadda yake ɓuya. Ba littafi ne na musamman ba kamar manyan kundayen Notre-Dame da ke Florence da Wolfenbüttel. Littafin ibada ne na kullum, fata ce ta tunkiya ko ɗan maraƙi, layuka huɗu huɗu ja, alamomin sauti baƙaƙe masu kusurwa huɗu. Kina ta buɗawa, layi ɗaya kalmomi a ƙasa, layi ɗaya kalmomi a ƙasa, sai kwatsam ki ga jeri biyu na layuka an ɗora ɗaya bisa ɗaya, kalmomin kuma sau ɗaya aka rubuta su a can ƙasa. Wani lokaci marubucin yakan ja 'yan siraran layuka daga sama zuwa ƙasa don kowa ya san gaɓar da zai haɗu da ɗan'uwansa. Sau da yawa ma ba a cikin jikin littafin yake ba. Shafin ƙarshe da ya rage fari, ko gefen shafi, nan wani ya zo bayan shekaru da wata tawada daban da wani hannu daban ya ƙara. Akwai kuma inda aka rubuta murya ta farko har ƙarshe, sannan ta biyu ta biyo baya a jere, wanda bai sani ba sai ya ɗauka baiti biyu ne na waƙa ɗaya. Shi ya sa masu tsara kundin ɗakunan karatu na dā suka tsallake da yawa. In kina son gani da idonki, Gallica ta ɗakin karatun ƙasa na Faransa kyauta ce, haka shafin IRHT, cibiyar binciken tsofaffin rubuce-rubuce ta Faransa, mai ɗauke da hotunan littattafan ƙananan birane, sai DIAMM ta Oxford wadda ta keɓanta da waƙoƙi masu muryoyi da yawa.

Anti Laraba: Wannan ɓuyar ita ke nuna mini cewa abin da aka rubuta kaɗan ne daga abin da aka rera. Wanda ya san ƙa'idar nan ta Baba, in na ƙasa ya sauka ka hau, ka huta a biyar ko takwas, me zai yi da takarda? Fata kuma tsada gare ta.

Baba Ishaya: Akwai ma wanda ya bar mana bayanin yadda ake yi ba tare da rubutu ba. Élie Salomon, wani limamin coci a Saint-Astier cikin yankin Périgord, ya rubuta littafi a 1274 ya sadaukar ga Fafaroma Gregory na 10. Ya kwatanta mutum huɗu tsaye gaban littafi guda, kuma abin da ke cikin littafin layi ɗaya ne kawai. Na farko ya riƙe waƙar a ƙasa, na biyu ya bi shi a tazarar biyar, na uku a takwas, na huɗu a sha biyu, duk su tafi tare. Akwai jagora da ke nuna tafiyar da hannunsa, shi ke tsayar da su shi ke tayar da su, wanda ya kauce kuma ya gyara masa. Har zanen tsayuwarsu yana cikin littafin, wanda yanzu yake ɗakin karatu na Ambrosiana a Milan. Da littafin waƙar da suke kallo ne kaɗai ya iso mu, da cewa za mu yi murya ɗaya suke yi. Wani abin dariya, mutumin nan bai raga wa 'yan Lombardiya ta Italiya ba, cewa ya yi kukan kyarkeci suke yi ba waƙa ba. Mawaƙa dai tun dā ba sa yabon juna.

Sani Mai Gurmi: Wannan kam har gobe, Baba.

Malam Habu: Salomon ba ɗan zuhudu ba ne, limamin gari ne. Kuma ku yi hattara da hanyar da kuka ɗauka. Kuna cewa rashin rubutu shi ne shaidar yawan abin. Da wannan ma'aunin ai komai ma sai a tabbatar da shi. Abin da ke hannu shi ne, mafi yawan littattafan wannan salo daga Italiya suke, da ƙasashen masu jin Jamusanci, da Bohemiya. Sunan da masana ke kiransa da shi ma, cantus planus binatim, daga bakin Prosdocimus na Padua aka ɗauko shi, mutumin farkon ƙarni na 15. Kason Faransa kaɗan ne. Me zai hana mu ce a Faransa abin bai yi ƙarfi ba, shi ke nan?

Ɗan Damagaram: Gargaɗinka yana kan hanya Malam, amma sai a haɗa da abin da ya sami littattafan Faransa. A 1562, lokacin yaƙin Katolika da Furotesta, an wasashe gidaje da dama, har da babban gidan Cluny. A Nuwamban 1789 juyin juya hali ya mayar da dukiyar coci ta gwamnati, a 1790 aka rushe ɗariƙun zuhudu, aka kwashe littattafai aka jibge a rumbuna. Wanda ya yi sa'a ya shiga ɗakin karatun birni, wanda bai yi ba ya tafi. Tun kafin nan ma tsohon littafin ibada da aka daina amfani da shi yanka shi ake yi a yi bangon wani littafin, shi ya sa ake ta tsintar guntaye a cikin bango har yau. Littattafan Saint-Martial da ka yaba, sun tsira ne don an sayar da kimanin 200 ga ɗakin karatun sarki a 1730, shi kuwa ginin bayan juyin juya hali aka rushe shi. Fontevraud kurkuku ya koma daga 1804 har 1963. A ranar 26 ga Mayu 1944 bam ya ƙone ɗakin karatun Chartres, tsofaffin guntayen murya biyu da ke can yanzu ta hotunan da aka ɗauka kafin yaƙi ake nazarinsu. Sannan ba shiru ne zalla ba. Masanin waƙa Tinctoris a 1477 ya bambanta waƙar da aka tsara a rubuce da wadda ake ɗorawa nan take ana kallon littafi, kuma wannan al'ada ta rera a kan littafi ta zauna a cocin Faransa har Henri Madin ya buga littafin koyar da ita a 1742. Ga kuma majami'ar Le Puy, inda littattafan ƙarni na 16 na bikin 1 ga Janairu ke ɗauke da waƙoƙi masu muryoyi na tsohon salo, a lokacin da shahararren mai tsara waƙa Josquin ya riga ya zo ya wuce.

Malam Habu: Le Puy ma majami'ar bishop ce, ba gidan zuhudu ba. Kuma gari ne a can cikin duwatsu. Ka ga maganata ta gefe da tsakiya ta dawo.

Anti Laraba: To ga gidan zuhudu, ko da yake a Sifaniya yake. Las Huelgas kusa da Burgos, gidan mata ne na ɗariƙar Cîteaux ɗin nan dai mai tsanani, kuma na sarauta. Littafinsu na farkon ƙarni na 14 yana nan a gidan har yau. A cikinsa akwai waƙoƙin salon Paris masu wuya, da cikakken awon lokaci, akwai kuma sassauƙan murya biyu irin waɗanda muke magana, har da darasin koyon ut-re-mi. Bango ɗaya ya rufe su duka. In sassauƙan salo na wanda bai iya ba ne, me ya sa wanda ya kwafi mai wuyar ya ɓata fatarsa a kansa? Ni abin da na fahimta shi ne kowanne da ranarsa da wurinsa a cikin ibada. Matsalar daga marubutan tarihi take, waɗanda suka jera abin kamar tsani, daga Notre-Dame zuwa Machaut zuwa Dufay zuwa Josquin, duk abin da bai hau tsanin ba suka kira shi na ƙauye ko na dā. Sai a shekarun 1960 irin su Alberto Gallo suka fara ɗaukarsa da muhimmanci, aka yi babban taro a kansa a Cividale ta Italiya a 1980.

Malam Habu: Las Huelgas hujja ce mai nauyi, na karɓa. Amma gida ne na 'ya'yan sarakuna, kamar Fontevraud. Ku kawo manyan gidaje biyu ku ce zaɓi ne, ni kuma in nuna muku ɗaruruwan ƙananan gidaje masu mutum biyar ko shida, waɗanda ko sun so ba su da muryoyin. Ga mai hali zaɓi ne, ga mara hali dole ce, kuma shafin littafi ba zai gaya maka wanne ne ba, tun da sautin iri ɗaya ne.

Sani Mai Gurmi: Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Su 'yan zuhudun Keur Moussa na Senegal masu kaɗa kora, suna da alaƙa da waɗannan?

Ɗan Damagaram: Ta nesa. Daga gidan zuhudu na Solesmes a Faransa aka zo aka kafa Keur Moussa a farkon shekarun 1960, ita kuma Solesmes ita ce ta farfaɗo da tsohuwar waƙar coci a ƙarni na 19, ta riƙa buga hotunan tsofaffin littattafai tun 1889. Amma hankalinsu na kan murya ɗaya ne. Wannan sai mu buɗe masa nasa zaren.

Rifkatu: Na gode ƙwarai iyayena. Saura guda, Baba. Tun da ba a rubuta tsawon sauti ba, in mutum zai rera yau, da wane awo zai tafi?

Baba Ishaya: Nan ne masu yi suka rabu, 'yata. Wasu suna ba kowane sauti tsawo ɗaya, a hankali, don ya fi sauƙin haɗuwa. Wasu suna bin nauyin kalmar Latin, gaɓa mai nauyi ta ɗan daɗe. Wasu kuma, in waƙar baitoci ce masu kari, sai su sa mata dogo-gajere, dogo-gajere irin na Paris. Ki nemi faifan da ƙungiyar Organum ta Marcel Pérès ta yi da muryoyin mata a kan littafin Fontevraud, sannan ki nemi na ƙungiyar Gilles Binchois a kan littafin Le Puy, za ki ji hanyoyi biyu mabambanta. Ki sani dai ba duk abin da kika ji a faifai ne ke kan fata ba, masu rerawa sukan ƙara nasu, musamman dogon sautin nan na ƙasa da ake riƙewa. Ni na fi karkata ga bin kalma, domin mutanen da ke sauke Zabura kowane mako numfashinsu ya riga ya saba da tafiyar jimla, ba sa bukatar a ƙirga musu.

Malam Habu: Ko kuma ba su iya ƙirgar ba.

Anti Laraba: Malam ba ya gajiya. Rifkatu, in za ku gwada a kwayarku, ga inda za ku sha wuya, kuma ba awo ba ne. Ki ware mutum biyu kawai, masu murya kusan iri ɗaya, kada ki haɗa sofrano da bes, domin giciyen nan ba ya fitowa sai muryoyin na zagaye wuri guda. Ki kashe kibod. Tazarar biyar tsirara take, in ɗaya ya ɗan zame kowa zai ji, babu alto da zai rufa masa asiri. Sannan ki sa ido kan sauran da ke zaune suna saurare, don kafin a kai layi na biyu wani zai fara cusa mi a tsakanin do da so ba tare da ya sani ba. Shi za ki fara hanawa.